Me ya sa soja ɗaya ne cikin goma ke ɗauke da mai jigida?

"Baba, barka da hutawa. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, kuma ina da niyyar shiga soja in Allah ya yarda. Idan ayarin sojoji ya bi hanyar Gure zai tafi Difa, nakan lura kusan kowa Kalash ce a hannunsa, sai mutum ɗaya ko biyu masu wata doguwa mai ƙafafu biyu da jigidar harsashi. Abokaina sun ce ita ta fi kowace ƙarfi. To in haka ne, me ya hana a ba kowa irinta? Kuma tunda Kalash ma tana zuba harsashi ba tsayawa, ina bambancinsu?"

Barka kadai, ɗana, Allah ya cika maka burinka. Tambayarka biyu ce a haɗe: me ya raba wannan bindiga da Kalash tunda dukansu suna harbi a jere, kuma me ya sa ba a raba wa kowa ita. Na yi aikin sojan ƙasa, ƙarshen aikina kuma a koyar da kurata sha'anin makamai na yi shi, saboda haka tambaya ce da kunnena ya saba da ita. Ba a ƙera mai jigida don ta fi Kalash kisa ba. An ƙera ta ne don ta daɗe tana wuta, ta hana abokin gaba ɗaga kai, har ƴan'uwanka su samu su tashi daga inda suke kwance su matsa gaba ko su janye. Duk abin da ka gani a jikinta, ƙafafun nan, kaurin bututu, jigida, da nauyin da ke sa mai ita tafiya a karkace, daga wannan aiki guda ya fito.

Inda ta samo asali

Mutanen Damagaram ba baƙin bindiga ba ne. Tun a ƙarni na 19 Sarki Tanimu ya sa ana ƙera igwa a cikin garin nan, yana da ƴan bindiga masu yawa. Amma bindigar wancan zamani sai an ɗura ta baki, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Abin da ya ba Faransawa galaba a Tirmini a 1899 shi ne saurin ɗurin bindigoginsu da horon harbi tare. Ƴan shekaru bayan haka, a 1903, Turawan Ingila suka zo Kano da Sakkwato da abin da ya fi wannan, wato Maxim, wadda Hiram Maxim ya ƙera a 1884. Ita ce bindiga ta farko da ke amfani da ƙarfin harbinta ta fitar da kwanso ta ɗura wani harsashi da kanta. Dawakin da suka tunkare ta a fili ba su kai gare ta ba.

Sai dai Maxim kaya ce. Bututunta a cikin tankin ruwa yake don kada zafi ya lalata shi. Irin wadda Jamusawa suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita, in ka haɗa ta da mazauninta, ta haura kilo 60, sai mutum huɗu ko fiye. Wajen tsare wuri ba ta da na biyu, amma da zarar soja sun tashi za su kai hari sai su bar ta a baya, daidai lokacin da suka fi bukatarta. Wannan giɓi ne ya haifi ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, wadda mutum ɗaya zai saɓa ya bi sahun ƴan'uwansa da ita. Madsen ta ƙasar Danmak ta fito a 1902. Ingila ta yi yaƙin da Lewis, mai faifan harsashi 47 a samanta. Faransa ta fitar da Chauchat a 1915, mai nauyin kilo 9 ko kusa, ta ƙera ta da yawa ƙwarai, amma aka bar gefen gidan harsashinta a buɗe don a riƙa ganin abin da ya rage, sai laka ta riƙa shiga tana cije ta. Har yau malaman makamai suna ba da misali da ita, domin ta nuna cewa ƴar ƙaramar ƙofa da datti zai bi ta isa ta kashe bindiga.

Faransawa sun gyara kuskurensu da FM 24/29, mai gidan harsashi 25 a sama da kunama biyu, ɗaya ta harbi ɗai-ɗai, ɗaya ta jere. Ita kakanninmu da suka yi sojan Faransa suka sani, daga Yaƙin Duniya na Biyu har yaƙin Indocin, wato yankin Biyetnam, da na Aljeriya. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka da suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Ingila kuwa Bren suka riƙe, wadda asalinta ƙirar garin Brno ce na ƙasar Cek. Jamusawa ne suka sauya tunanin kowa da MG 34 da MG 42: bindiga ɗaya mai jigida, in ka ɗora ta kan ƙafa biyu ta bi rukuni, wato ƙaramin ayarin soja kamar goma, in ka ɗora ta kan ƙafa uku ta tsare wuri. Daga wannan tunani FN MAG ta Beljiyam ta fito a 1958, PK ta Tarayyar Sobiyet a 1961, sannan PKM da aka rage wa nauyi a 1969. Wadda ka kwatanta, mai ramin hannu a gindinta da akwatin jigida a ƙarƙashi, galibi a yankinmu PKM ce ko kwafinta na Sin.

Zafi shi ne babban abokin gaba

Gaskiya ne Kalash tana harbi a jere, wajen 600 a minti. Amma gidan harsashinta 30 yake ci, ka danne kunama cikin daƙiƙa 3 ya ƙare. Ka sa wani, ka sake, ka sake. Kafin ka gama na biyar ko na shida katakon gaba ya fara hayaƙi, hannunka ba ya iya riƙe shi, harsashin kuma ya fara watsewa ko'ina. Ba laifinta ba ne, bututunta siriri ne don a rage wa soja nauyi. Kowane harsashi da ya fita yana barin wani kaso na zafin albarushi a jikin ƙarfe, ƙarfe siriri kuwa nan da nan yake ƙoshi.

Maƙeran mai jigida ta hanya uku suka bi da wannan matsala. Sun kaurara bututu, don ya sha zafi mai yawa kafin ya gaji. Na PKM shi kaɗai ya haura kilo 2. Sun kuma sa ana iya cire shi a sa wani cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wannan mariƙin da kake gani a samanta ba na ɗauka kawai ba ne, da shi ake zare bututu mai zafi ba tare da hannu ya taɓa ƙarfe ba. Na ga bututu ya yi ja da dare a filin harbi kamar ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta, saboda wani kurtu ya ƙi sakin kunama. Bututun da ya kai haka ya tashi aiki, domin zaren da ke cikinsa, wanda ke murɗa harsashi ya tafi saiti, ya cinye.

Hanya ta uku ba a ganinta daga waje, kuma ita ta fi burge ni. A Kalash, idan ka daina harbi, akwai harsashi zaune a cikin ɗakinsa da ke gindin bututu, ƙarfen da ke kulle bayansa, wanda muke kira kulas, ya rufe. In ɗakin ya yi zafi sosai, harsashin nan yana iya tashi da kansa ba wanda ya taɓa kunama. A PKM da MAG da Minimi, wata ƙaramar mai jigida ta Beljiyam, kuwa, da ka saki kunama kulas a baya yake tsayawa, ɗakin ya zauna wayam, iska tana ratsa bututu. Harsashi ba ya shiga sai lokacin da zai fita. Abin da aka biya a kan wannan shi ne harbin farko ba ya da daidaito irin na bindigar da sauran sojoji ke riƙewa, saboda ƙarfe mai nauyi ne ke rugawa gaba kafin harsashi ya tashi, yana ɗan girgiza saiti. Ga bindigar da aikinta rufe wuri da wuta ne, wannan ciniki ne mai riba.

Abin da ke motsa wannan duka hayaƙin albarushi ne. Akwai ƴar ƙofa a jikin bututu, idan harsashi ya wuce ta sai wani kaso na hayaƙin ya bi ta nan ya bugi fistan, fistan ya tura kulas baya, kwanso ya fita, jigida ta matsa da harsashi ɗaya, sifirin ya mayar da komai gaba. PKM tana da maɓalli mai matsayi 3 da ke ƙara ko rage hayaƙin. In bindiga ta yi datti ta fara kasala, sai a ƙara mata.

Jigida ko gidan harsashi

Gidan harsashi yana da sauƙi, a rufe yake, ƙura ba ta samun harsashi, kuma cikin ƙiftawar ido ake sauya shi. Illarsa ba ya ci da yawa. Jigida tana ba ka 100 ko 200 ba yankewa, amma tana jan ƙasa, tana murɗewa, tana maƙalewa a ƙaya, kuma ɗura ta na ɗaukar lokaci. Sobiyet sun gwada duka biyun. RPD mai jigida ce mai cin harsashin Kalash, sai dai bututunta ba ya cirewa. Daga baya suka kawo RPK, wadda Kalash ce aka tsawaita wa bututu aka sa wa ƙafafu, tana cin gida mai 40 ko ganga mai 75, in ta kama kuma ta karɓi na kowane soja a rukuni. Nauyinta wajen kilo 5 ne. Tana da daɗin ɗauka, amma ba ta jure dogon wuta, domin ita ma bututunta a kafe yake. FN Minimi, wadda aka nuna a 1974 kuma Amurka ta ɗauka da sunan M249 a farkon shekarun 1980, an yi mata baki biyu, tana cin jigida tana kuma karɓar gidan harsashin bindigar da sauran sojoji ke riƙewa in an matsu, ko da yake ta nan ɗin ta fi yawan cijewa.

PKM tana da wani abu nata. Harsashinta, 7.62×54, wato kaurinsa milimita 7.62, tsawon kwansonsa milimita 54, tun 1891 ake amfani da shi, kuma gindinsa yana da leɓe mai faɗi, ba a iya tura shi gaba ya ratsa jigida. Saboda haka sai wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsu biyu ya cafko shi ta baya, ya zaro shi, a sauke shi ƙasa, sannan a tura shi ɗaki. In ka ji bayanin sai ka ce abin zai riƙa lalacewa kullum, amma Kalashnikov da mutanensa sun daidaita shi har ta zama cikin bindigogin da suka fi jure wahala, ga ta kilo 7.5 kacal, alhali MAG ta doshi 12. Jigidarta ta dama take shiga, kwanso ya fita ta hagu, saɓanin na Turawan Yamma, kuma ba ta wargajewa bayan harbi, ana tattara ta a sake cikawa.

Batun girman harsashi ya fi shafarmu fiye da mutanen daji mai duhu. Ka fita arewacin Tanut ko gabashin Gure, ido yana kaiwa nesa ƙwarai, ba itace ba gini. Kalash tana aiki sosai zuwa mita 300 ko 400. PKM tana kaiwa mita 800 har 1000 da ƙarfinta. Wanda ya fi ka tsawon hannu a irin wannan fili zai tsaya inda ba ka isa gare shi ya yi ta dukanka. Sojojin Amurka da Ingila sun gamu da haka a Afganistan, inda ake harbinsu da PKM daga tsaunuka, ƙaramin harsashinsu na 5.56 bai isa can da ƙarfi ba, har suka koma dogaro da masu 7.62. Ni dai a filinmu ina bayan babban harsashi, duk da nauyinsa. Akwai malaman da suka saɓa mini, suna cewa da nauyin harsashi 100 na PKM soja zai ɗauki 200 na Minimi, kuma yawancin arangama a kusa ake yin ta. A cikin gari ko a ciyayin bakin Komadugu da tsibiran Tafkin Cadi maganarsu tana da ƙarfi.

Yadda rukuni ke aiki da ita

Ka ɗauka mutum goma suna tafiya aka buɗe musu wuta daga wani tudu. Kowa ya faɗi ƙasa. In suka zauna nan za a tsince su ɗaya bayan ɗaya, in suka tashi gaba ɗaya sun zama abin saiti. Abin da ake koya musu shi ne mai jigida ya samu wuri ya kafa ƙafafunta ya riƙa zuba wuta a kan tudun. Ba lalle ya sami kowa ba. Mutumin da harsashi ke tayar da ƙasa a gaban goshinsa ba ya leƙowa ya yi saiti. A wannan tsakanin sauran su zagaya ta gefe. In janyewa ce ma haka, ita ke riƙe abokin gaba har a kwashe wanda ya ji rauni. Shi ya sa ko a tafiya shugaban rukuni yake son ta kusa da shi, kuma wurin da zai ajiye ta shi ne shawara mafi nauyi da yake yankewa.

Gwanin mai jigida ba ya danne kunama. Gajeren harbi yake yi, harsashi kaɗan, ya saki, ya duba inda ƙura ta tashi, ya gyara, ya sake. PKM tana fitar da wajen 650 a minti, ka ga jigida mai 100 ba ta kai daƙiƙa 10 in aka danne. Tun daga nesa, da kunne kawai, tsohon soja yana gane ko wanda ke bayan bindiga horarre ne ko tsoro ne ke harbi. Abin da na fi shan wahalar cusa wa kurata ke nan. Ƙarar tana da daɗi a kunnen yaro, jikinsa yana rawa, yana jin ya zama zaki, sai ka dafa kafaɗarsa ka nuna masa akwatin ya zama wayam, abokan da ya kamata ya rufa wa baya kuma ko rabin hanya ba su kai ba.

Kuma ba bindigar mutum ɗaya ba ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai mataimaki kwance a gefensa, yana ɗauke da bututu na biyu da ƙarin jigida, yana tallafe ta da tafin hannu don ta shiga a miƙe kada ta ja ƙasa, yana kallon inda harsashi ke sauka domin hayaƙi da girgiza sukan rufe wa mai harbi ido, yana kuma duba gefe da baya. In mai ita ya faɗi, shi zai jawo ta ya ci gaba. Kowa a rukuni dole ya iya ta, domin abokin gaba ma ya san darajarta, ita yake fara nema. Mai ɗauke da ita ya fi kowa shan nauyi, ya kuma fi kowa jawo wuta a kansa.

To me ya hana a ba kowa?

Lissafin nauyi kaɗai ya isa amsa. Kalash ba ta kai kilo 4 ba in babu harsashi. PKM kilo 7.5, akwatin jigida mai 100 kusan kilo 4, kuma 100 ba komai ba ne a gare ta, rukuni yakan raba ɗaruruwa a jakunkunan mutanensa. Ka ƙara bututu na biyu, ka ƙara ruwan sha, wanda a watan Afrilu da Mayu ba a yi masa rowa. In kowa ya ɗauki wannan kaya babu mai gudu, babu mai tsallake katanga, babu mai shiga ɗaki ya bincika, babu mai zagayawa ta gefe. Wutar da ba wanda zai motsa a ƙarƙashinta ɓarnar harsashi ce. Ga kuɗi, ga motocin da za su yi ta jigilar harsashi a hanya mai nisa irin ta Ngigmi ko Dirku. Sannan akwai wuraren da ba ta dace ba sam. A shingen bincike, ko cikin kasuwa, ko unguwa mai lunguna irin Birni, harsashinta yana ratsa ƙofa da jikin mota ya wuce ya sami wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A nan soja yana bukatar harbi ɗaya mai saiti, ko ma kada ya harba.

Kada kuma ka haɗa ta da babbar nan da kake gani a kafe a bayan mota, mai harsashi 12.7. Wannan wani aji ne, irin DShK, ita kaɗai ta haura kilo 30, aikinta motoci da abin da ke bayan gini.

Ƙura

A littafin maƙera an ce a shafa mai. A hunturunmu, in ka cika wa bindiga mai, kafin azahar ƙura ta haɗu da shi ta zama kwaɓi mai cin ƙarfe. Mun saba a goge ta ƙaƙas, a ɗiga ɗan kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a rufe bakin bututu, a naɗe tsakiyarta da ƙyalle in ana tafiya a mota. Jigida ta fi bindigar kanta son kulawa. Yaro zai rataya ta a wuya ya gicciya a ƙirji don ya yi kyau a hoto, gumi da rairayi su shiga kowane gurbi, wasu harsasan su zame daga mazauninsu. Nakan sa kurtu ya shimfiɗa jigida a kan tabarma, ya bi ta da buroshi, ya bi ta da babban yatsa harsashi bayan harsashi yana jin ko akwai wanda ya fi ƴan'uwansa fitowa. Guda ɗaya da ya goce ya isa ya tsayar da wuta a lokacin da rayukan mutum tara ke rataye a kanta. Yawancin cijewar da na gani a filin harbi daga jigida da datti ta fito, ba daga ƙira ba.

Akwai abin da ba zan taɓa a nan ba, wato yawan makaman rundunoninmu da yadda ake jera su a fagen fama. Wannan sirrin aiki ne, yana kan tsohon soja kamar yadda yake kan mai kaki. Kuma karatu ba ya sa mutum ya iya bindiga, sai a hannun malami, a bariki, bisa doka. Tun da Libiya ta rushe a 2011 irin waɗannan makamai suka bazu a hannun ƴan ta'adda da ƴan fashin daji, kuma mutanen Difa da Boso sun ga abin da suke yi tun 2015. Makamin yaƙi ne, farar hula ba shi da izinin riƙe shi, wanda ya ga inda aka ɓoye shi jami'an tsaro zai sanar.

In Allah ya sa ka shiga, kada ka yi mamaki in ba a ba ka ita da wuri ba. Ba mafi girman jiki muke zaɓa ba, ko da yake ana son mai ƙashi. Muna duba wanda ba ya firgita, wanda ke jin umarni a cikin ƙara, wanda ke goge makaminsa ba sai an tsaya a kansa ba. Yawanci sai ya yi zaman mataimaki tukuna, ya sha ɗaukar bututu da akwatuna, ya iya kwance ta ya ɗaura ido a rufe. Kafin nan ka riƙa gudu da safe, ka saba da tafiya mai nisa da kaya a baya, kuma ka riƙe lissafinka na makaranta da kyau, domin kiyasin nisa da karatun taswira suna cikin abin da za a tambaye ka.